Jan Zagaye a Littafin Baba Dillali

Akwai wata mata da kowa ke kira Auta, ko da yake ta haura talatin har da 'ya'ya biyu. Sunan gida ne ya biyo ta har ofis, ya ƙi sakinta. Labarinta na kawo muku yau, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, kuma ina roƙon ku kai ƙarshe kafin ku yanke mata hukunci.

Mahaifinta dillalin gidaje ne. Ya fi shekara talatin yana sana'ar a wani ɗan ofis mai ɗaki biyu, a saman shagon mai sayar da fenti. Yana sayar da gidaje, yana kuma kula da na haya a madadin masu su. Baba Dillali ake ce masa, yara da manya.

Kayan aikinsa uku ne: tsohon babur, tarin makullai da ya sha yaga masa aljihu, da wani littafi mai baƙin bango da yake ɗaurewa da roba. Kowane gida da shafinsa. Mai shi, wanda ke ciki, ranar da aka gyara famfo, kusurwar da rufi ke yoyo, duk suna nan. Rubutun kuwa, likita ma sai ya sara masa.

Wata safiya ya tashi zai ɗaura agogo, hannun dama ya ƙi. Aka garzaya da shi asibiti. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma magana ta yi masa nauyi, hawa bene kuma ya gagara. Yayyen Auta kowa da aikinsa. Ita ce ta yi karatun kasuwanci, don haka makullan ofis suka faɗo hannunta.

Gaskiya a faɗe ta, Auta ba malalaciya ba ce. Makon farko kaɗai ya kusa zautar da ita. Wannan ya kira ya ce an yi masa alkawarin za a neme shi, wancan ya ce famfonsa kwana huɗu yana zuba, ita kuma tana ta juya shafukan da ba ta iya karanta rabinsu.

Sai ta nemo wata manhaja ta kula da abokan ciniki, ta sa a kwamfuta. Duk wanda ya kira, a rubuta sunansa da abin da yake nema: ɗaki nawa, wane ɓangaren gari, saye ko haya. Gida na shiga kasuwa, manhajar da kanta za ta zaƙulo waɗanda ya dace da su ta tura musu saƙo. Ɗan haya ya kawo ƙorafi, ta miƙa wa mai gyara, ta kuma yi ta tuni har sai an gyara.

Abin ya yi aiki, babu ja. 'Yan hayar da suka saba jiran mako guda suka fara ganin mai gyara washegari. Kan Auta ya fara girma, ba sosai ba, daidai yadda za ta riƙa cewa "zamani ya canja" sau uku a rana.

Asabar uku ta yi a falon mahaifinta tana kwafe littafin zuwa kwamfuta. Shi yana kishingiɗe a gefe, yana matsa wata ƙwallon roba da likita ya ba shi. In ta kasa karanta wani wuri, ta miƙa masa, ya karanta a hankali.

A wasu shafukan, can sama ta kusurwa, akwai ɗan zagaye da jan biro. Wasu an ratsa su da layi, wasu a buɗe suke. Ta gan su sarai. Ta ɗauka irin zane-zanen da mutum ke yi ne in yana kan waya.

Da suka zo wani shafi, Baba Dillali ya ɗora yatsan hagu a kan zagayen.

"Wannan fa," ya ce, "ina za ki sa shi?"

"Babu gurbinsa, Baba," ta amsa, idonta na kan kwamfuta. "Uku ne kawai. Na haya, na sayarwa, da wanda aka sayar."

Ya buɗe baki zai yi bayani. Amma kalmominsa yanzu ɗaya-ɗaya suke fitowa, sai an jira su. Kafin ta biyu ta iso, wayarta ta yi ƙara. Ta ce masa tana zuwa, ta fita tsakar gida, da ta dawo kuma ta buɗe shafi na gaba.

Ya sake gwadawa bayan kwana biyu. Ta gyara masa matashi, ta ce likita ya hana shi tunanin ofis, ya huta kawai, komai yana hannu. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Tsohon ya ƙyale ta, don ba mutum ne mai bin ɗansa da magana sau uku ba. Littafin ya koma can ƙasan durowar ofis, a ƙarƙashin tsofaffin rasitai.

Wata biyar suka wuce.

Akwai wani gida a layin bayan makarantar firamare, ɗaki uku da bishiyar gwaba a tsakar gida. Mai shi wani likita ne da ya yi ritaya ya koma wani gari mai nisa. Wata ranar Litinin ya aiko da saƙo cewa ya yanke shawara, a sayar.

Auta ta buɗe gidan a manhaja, ta canja shi daga na haya zuwa na sayarwa. Kafin shayinta ya huce, saƙo ya je wa mutum arba'in da 'yan kai.

Da azahar wani ɗan kwangila ya zo. Ko cikin gidan bai shiga ba. Daga cikin mota ya sauke gilashi, ya dubi faɗin filin, ya ce ya yi masa. Rushewa zai yi ya gina shaguna. Ya kuma ce in ta iya aiki da sauri haka, yana da sauran wuraren da yake nema, duk ta hannunta zai bi.

Ranar Laraba ya ba da kafin alƙalami, suka sa hannu a takardar farko. Auta ta danna "an sayar", zuciyarta fal murna. Ciniki mafi girma ke nan tun da ta karɓi ofis, kuma cikin kwana uku. Har ta fara shirya yadda za ta ba mahaifinta labari.

Abin da ta manta shi ne wani tsari da ita da kanta ta saita tun farko: duk gidan da aka sayar, manhajar ta tura wa ɗan hayar da ke ciki sanarwar tashi. Ita ta rubuta kalmomin, masu ladabi ƙwarai, har da fatan alheri a ƙarshe. A lokacin ta ji daɗin yadda suka fito.

Washegari da hantsi ta ji ana hawo bene. Taku ɗaya, a huta. Taku ɗaya, a huta. Ta daɗe tana saurare kafin ƙofar ta buɗe.

Wata dattijuwa ce, igiyar awo rataye a wuyanta, 'yan guntayen zare manne a mayafinta. Ta samu kujera ta zauna sai da numfashinta ya dawo. Ita ce 'yar hayar gidan gwaba, wadda ake kira Gwaggo Mai Keke saboda ɗinki. Auta ta san lambarta a kwamfuta, amma ba ta taɓa ganin fuskarta ba.

Suka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi aiki, sannan ta miƙo waya. Ta ce idonta ba ya ganin ƙananan haruffa, wata mai kawo ɗinki ce ta karanta mata jiya, ana tsaka da awon riga, a gaban mutane.

"Ke kika rubuto wannan, 'yata?"

"Manhaja ce ta tura, Gwaggo. Da kanta take turawa."

Dattijuwar ta gyaɗa kai a hankali.

"To ita manhajar 'yar wane gida ce? Ni dai da mahaifinki na yi magana."

Sai ta ba ta labari, ba tare da ɗaga murya ba. Shekararta ashirin da huɗu a gidan. A ɗakin tsakiya mijinta ya yi jinya, a nan ya cika. Gwabar nan ita ta dasa ta a shekarar da ta haifi ɗanta na biyu. Shekara tara da suka wuce, da likita ya fara zancen sayarwa, Baba Dillali ya zo ya zauna a ƙarƙashin bishiyar, ya kira likitan a waya a gabanta. Aka tsaya a kan cewa duk ranar da za a sayar, ita za a fara faɗa wa, kuma a ba ta wata uku ta haɗa kuɗin saye. Ta ce da idonta ta ga ya ciro jan biro ya yi wani zane a littafinsa. Tun daga ranar ita da 'ya'yanta biyu suke ta tanadi.

"Ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Na zo in ji ko ya rasu ne ba a gaya mini ba. Don in yana da rai, ban ga yadda za a yi wannan saƙon ya fito daga ofishinsa ba."

Auta ta mayar mata da wayar. Ta ce mata yana nan da rai, yana samun sauƙi, kuma za ta duba lamarin. Ta raka ta har ƙasa tana riƙe da hannunta. Da ta dawo ta janyo durowa, ta ɗage rasitan, ta ɗauko littafin, ta cire robar. Shafin gidan gwaba ne wanda mahaifinta ya ɗora wa yatsa ranar nan. Jan zagayen yana nan a kusurwa, a buɗe, babu layi.

Kunya ta rufe ta ita kaɗai a ofis.

Amma kun san zuciya. Ba a yi minti goma ba ta fara kawo mata dalilai. Babu takarda. Babu sa hannu. Magana ce ta baki, ta shekara tara.

Ta kira likita mai gidan. Ya ce af, haka ne, an yi haka, shi wallahi ya manta. Ya ce shi dai sayarwa yake so, ko wa ya saya duk ɗaya ne a wurinsa, ita ce dillaliya, ta san yadda za ta yi.

Ta kira babban yayanta. Shi kuwa bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce kada ta kuskura ta gaya wa Baba, jininsa zai hau. Ya ce ta nema wa tsohuwar wani gida mai kyau, ta yafe mata la'ada, a wuce wurin. Wa ke sakin babban ɗan kwangila saboda zane da jan biro?

Maganar ba ta rasa hankali ba, shi ya sa ta yi nauyi. Auta har ta buɗe manhajar ta rubuta: ɗaki uku, kusa da kasuwa, mai tsakar gida. Nan take gidaje uku suka fito da hotunansu. Duk sun fi gidan gwaba sabunta. Ta daɗe tana kallon su. Ta ga babu wanda za ta iya ɗauka ta kai wa dattijuwar nan ta dubi idonta.

Da la'asar ta rufe ofis, ta sa littafin a jaka, ta nufi gida.

Ta tarar da shi a baranda da ƙwallon robarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe shafin ta ɗora masa a cinya.

"Baba, wannan jan zagayen, me yake nufi?"

Ya dubi shafin, ya dube ta.

"Sai yau?"

Ta sunkuyar da kai. Wannan karon ta kashe wayarta, ta jira kalmomin har suka iso.

"Maganata ce," ya ce. "In na ba mutum maganata, sai in zagaye. Ranar da na cika, in ja layi."

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba, har da saƙon mai fatan alheri da aka karanta a gaban mutane. Ta shirya wa faɗa. Da ya yi faɗan ma, da ta ji sauƙi.

Bai yi ba. Ya ce ta miƙo masa hularsa da takalmi, zai je ya ba Mai Keke haƙuri da kansa. Ya dafa hannun kujera ya yunƙura. Ƙafar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, ƙwallon ta faɗi ta gangara tsakar gida, shi kuma ya koma zaune yana haki.

Nan hawayen Auta suka zubo. Wannan mutumin ya yi shekara talatin yana hawa bene da sauka don kada a ce ya faɗi magana ta tashi, ita kuma ta rushe masa ita da dannawa ɗaya.

"Zauna, Baba," ta ce. "Ni na ɓata, ni zan gyara."

Da safe ta je wurin ɗan kwangila, inda ake masa wani gini. Ta same shi a tsaye kan tulin yashi yana ba da umarni. Ta ce masa ta zo janye cinikin, kuskuren daga ofishinta ne, gidan akwai alkawari a kansa tun kafin shi.

Ya tambaye ta takardar alkawarin. Ta ce babu. Ya yi dariya har ma'aikatansa suka juyo. Ya ce ya zaci da 'yar zamani yake hulɗa, ashe har yanzu dillancin bakin titi ne. Ya faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita muku ba. Ta tsaya ta shanye. Ta mayar masa da kafin alƙalaminsa, ta kuma biya tarar da takardarsu ta ce dillali zai biya in ya janye, daga aljihunta.

Ya rantse ba zai sake taka ofishinta ba. Shi ma dai ya cika nasa alkawarin, don har yau bai taka ba.

Daga nan ta sake kiran likita ta roƙi wata ukun. Ya yi 'yan ƙunƙuni, ya ce su dillalai ba sa rabo da tsiya, daga ƙarshe ya amince. Sai ta wuce gidan gwaba da ƙafarta. Ta tarar da Gwaggo a kan keke. Ta durƙusa a gabanta ta ba ta haƙuri, sannan ta faɗa mata abin da ya kamata a faɗa mata tun ranar Litinin: za a sayar da gidan, kuma ita ce ta farko.

Dattijuwar ta tsayar da keken. Ta ce Allah ya yi albarka, ta tashi ta zauna a kujera, kada ta ɓata zaninta da ƙurar yadi.

Akwai abin da ya ƙara wa Auta kunya bayan haka. Ta kira masu manhajar ta tambaya ko zai yiwu a ƙara sabon gurbi, tana tsammanin za a ce sai an yi wani babban aiki. Matar da ta ɗauka ta ce ai ita ma za ta iya, ta duba gefen dama, akwai inda aka rubuta a ƙara. Minti biyar bai cika ba aka gama. Ashe gurbin da ta ce wa mahaifinta babu, neman sa ne ba ta yi ba.

Ta sa masa suna Alkawari, ta zaɓa masa jan launi. Ta saita cewa duk gidan da ke da shi, manhaja ba za ta tura ko harafi ɗaya ba sai ita ta je da kanta. Sanarwar tashi kuwa ta cire ta gaba ɗaya daga abin da ke tafiya da kansa.

Sannan ta koma falon mahaifinta, wasu Asabar ɗin uku. Suka bi littafin shafi-shafi. Zagaye bakwai suka samu a buɗe. Wannan an yi masa alkawarin ba za a tashe shi ba sai 'yarsa ta gama makaranta. Wancan an ce za a bar masa ɗan shagon da ke jikin katanga ko an canja mai gida. Baba Dillali yana faɗa ɗaya-ɗaya, tana rubutawa. In magana ta tsaya masa, ta ajiye hannu ta jira.

Wata ukun nan ba su zo da sauƙi ba. Yayanta ya yi ta tambayar in tsohuwar ta kasa fa, an yi biyu babu ke nan. Auta dai ta san ko an kasa, an ba Gwaggo abin da aka ce za a ba ta.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, 'ya'yan Gwaggo suka kira suka ce sun shirya.

A falon Baba Dillali aka sa hannu, tun da shi ba ya iya hawa bene, dattijuwar ma bai kamata ta sake hawa ba. Gwaggo ta zo da kwano cike da gwaba. Ta dubi tsohon ta ce ashe yana nan da ransa, ita har ta fara shirin zuwa gaisuwa. Ya yi dariyar da rabon da a ji ta tun kafin ciwo.

Ba zan ce muku Auta ta yi arziki daga wannan ba. Amma matan da ke kai ɗinki sun ji labari, mazansu ma sun ji. A hankali masu gidaje suka fara hawo benen nan da makullansu, suna cewa ofishin da ya mayar da cinikin ɗan kwangila suke nema.

Da baƙi suka tafi, Auta ta ɗauko littafin ta buɗe shafin gidan gwaba. Mahaifinta ya laluba aljihun rigarsa ya ciro jan biro. Ashe duk watannin nan yana tare da shi. Ya sa shi a hannun dama, ya kai kan zagayen. Hannun ya yi ta rawa, bakin biron ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Sai ya miƙa mata.

"Naka ne, Baba," ta ce.

"Ni na zagaye," ya ce. "Ke kika cika. Ja."

Ta ja layin a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Da ta gama ta miƙa masa biron. Ya ɗauki ƙwallon robarsa ya ci gaba da matsawa, ya bar ta da hannu a miƙe. A jakarta biron ya koma ofis, kuma yana nan a gefen kwamfuta har yau.

Darasi: Na'ura tana aikata abin da ka gaya mata ne kawai, ba ta san alkawarin da aka ɗauka a ƙarƙashin bishiya ba. Ka yi amfani da kayan zamani, suna da amfani ƙwarai, amma kafin ka ce wa dattijo abinsa ba shi da gurbi, ka zauna ka tambaye shi ma'anarsa, ka kuma jira har ya gama amsawa. In kuma ka yi kuskure, ka gyara shi da ƙafarka ko da zai ci maka riba, domin mutuncin da iyaye suka bar maka ba a sake sayen sa. Ku tura wa duk wanda ya gaji sana'ar gidansu, da duk wanda wayarsa ke ƙara lokacin da mahaifinsa ke magana.